Kawu Ƙarami

Asabar, 2 ga Safar
Na sami ƙusa na zana fuskar Kawu a jikin wata 'yar kankana can ƙarshen gonarsa. Sanƙo dai Allah ya riga ya yi mata, hanci da gemu kawai na ƙara. Tana girma zanen na girma. Ranar tsinka zan miƙa masa a gaban masu sari, in ce ga ɗan'uwansa ya zo gaisuwa. Sunanta Kawu Ƙarami.

Talata, 5 ga Safar
Ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kawu Ƙarami ya yi kumatu.

Talata, 12 ga Safar
Malamin gona ya zo. Ganye duk ɗigo-ɗigo launin ƙasa, wasu sun huje kamar an ɗosa musu garwashi. Ya ce cuta ce mai son danshi. Gindin da ya kamu sosai a tuge a ƙona a wajen gona, sauran a yi musu feshi, kuma kar a shiga da raɓa, don ƙafar wando ma yawo take da cutar. Na ce to mu riƙa tuɓewa a bakin gona. Na sha ranƙwashi a hannun Kawu.

Kawu ba ya iya sunkuyo saboda baya, ni ya sa tugewa. Gindin Kawu Ƙarami ya fi kowanne ɗigo. Na lulluɓe shi da ciyawa, na ce na gama.

Juma'a, 15 ga Safar
Na leƙa shi da sassafe, raɓa har gwiwa. Lafiya lau, sai ɗan baƙin tabo a goshi. Ai babban ma yana da shi.

Litinin, 18 ga Safar
Layukan da ke kusa da shi sun kamu, har hanyar da na bi. Kawu ya tsaya riƙe da ƙugu, bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini. Ya ce, “Ɗan nan, da gonar nan gida zai ci bana. Ka tabbata duk ka tuge?” Na ce sai dai in wani ya ɓuya. Bai yi dariya ba.

Abinci ya ƙi shiga. Zafi ne.

Talata, 19 ga Safar
Na jira raɓa ta bushe, na tuge gindin Kawu Ƙarami, na sa a buhu na kai waje. Ashe ɗanyar kankana ba ta cin wuta da wuri, fuskar ta daɗe tana kallona. Sai ga Kawu da sanda. Ya duba, ya duba. Ya ce, “Hancin ya yi yawa.” Can ya ce, “Gemun kam ka samo shi.” Ya miƙo mini abin feshi.

Lahadi, 24 ga Safar
Sabon toho babu ɗigo, alhamdulillahi. Abokina ya taho zai ratsa gona da sassafe, na daka masa tsawa ya zagaya. Wai yaushe na zama malamin gona? Ba wani abu ba ne. Wandonsa nake tausayi.