Simintin da Aka Zuba a Kabarinki

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da ban girma. Mama, daga Laurel, kusa da Washington, nake rubuto miki.

Tun da kika je wa autarki Ladi wankan jego a ƙaramin ƙauyen nan na Ingila, Ubangiji ya kira ki a can, ban samu ganin kabarinki ba. Bara Yaya Bulus ya je, ya tarar ciyawa ta rufe ki, ransa ya ɓaci. Ya sayo siminti da bulo ya ɗaure kabarin tsaf, kamar yadda muka yi wa Baba a Pankshin. Bai tambayi kowa ba. Wa ke neman izini kafin ya gyara kabarin uwarsa?

Ashe maƙabartar a hannun majalisar ƙauyen take. Ba wasu manya ba ne fa, manoma ne da 'yan fansho, sai wata tsohuwar malamar makaranta mai riƙe littafin da suke rubuta duk wanda aka binne. Ladi ta ce littafin ya girmi kakannin kakanninmu. Dokarsu kuwa dutse ɗaya a wajen kai, sauran wurin a bar shi fili don injin yankan ciyawa ya wuce. Sun rubuto cikin ladabi cewa a zamansu na watan gobe za su duba batun fasa simintin.

Inji zai riƙa bi ta kanki, Mama. Ke da in kika kwanta a tsakar gida kike cewa, "Kada wanda ya tsallake ni, ban mutu ba tukuna."

Ladi ta ce in zo in roƙe su, wai ni ce mai baki a gidanmu. Amma takarduna na zama a ƙasar nan ba su fito ba. Lauyata ta ce in na fita ƙasar nan, ƙila ba zan sake shigowa ba, ga jikokinki biyu a makaranta. Ran Litinin na je har ƙofar ofishin jakadancin Ingila a Washington don neman biza, na tsaya ina kallon masu shiga, ban shiga ba. Na juya na hau jirgin ƙasa na koma gida.

Tsoro nake ji, Mamana. Ba zan je ba. Har yau na kasa faɗa wa Ladi, ke na fara faɗa wa.

Ubangiji ya tausasa zukatan mutanen nan. In kuwa sai sun fasa, ya sa su yi a hankali, don kina ƙasa. Ki yafe mini.

'Yarki,
Rifkatu