Na'urar da Ta Shiga Tsakanina da Maiɗakina

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na tunkara da maganar nan, ko dai ya yi mini dariya ko ya ƙara zuga ni.

Ni kafinta ne. Muna zaune can bayan gari inda kwalta ta ƙare, unguwar da in an yi ruwa ko mai babur sai ka haɗa shi da Allah kafin ya shigo. Maiɗakina tana da tsohon ciki, kuma shi ne na biyu. Na farkon ba mu same shi ba. Jijjiga ce ta kama ta ina wurin aiki, kafin a nemo ni, a nemo mota, a tsallake kwazazzabon da ya raba mu da titi, aikin gama ya gama. Ita Allah ya tashi kafaɗunta, yaron kuwa ko kukansa ba mu ji ba. A asibiti wata ma'aikaciya ta wanke mu tas, wai me ya hana mu zuwa awo. Amma mun je, Gwaggo. Wuni take yi a kan benci, a ƙarshe a ce likita bai shigo ba, ko abin awon ya lalace, a dawo wani makon.

To wannan karon, cikin yana ƙarami sai ga wata mata a kan babur, da jaka a goye, tana bi gida-gida. Ungozoma ce, wai wani sabon kamfani na yara matasa ya ɗauke ta aiki. Matan unguwa suka sa mata suna Mai Jaka. Ta bar wa maiɗakina abin awon jini da ake ɗaurawa a dantse, an haɗa shi da waya, kullum da safe ta ɗaura, sakamakon ya tafi wurin likitar kamfanin. Akwai kuma wani ɗan abu kamar sabulu da Mai Jaka take gogawa a kan cikin, sai ga jariri a fuskar waya yana wutsil-wutsil. Ranar da na fara gani sai da na fita tsakar gida kamar ina neman wani abu, don kada su ga idona. Duk wannan fa kyauta.

Kyautar ce ta fara damuna. A sana'ata na san kujerar da aka lafta wa fenti fiye da kima, juya ta za ka yi ka ga inda gara ta ci. Mu da ko kwata ba a taɓa gyara mana ba, yaushe aka fara ƙaunarmu haka? Maƙwabcin shagona mai gyaran waya, wanda muke kira Injiniya, ya ce mai watsa wa kaza hatsi wuƙarsa tana aljihu. Wai sunayen mata da hotunan cikinsu suke tarawa su sayar, kuma duk matar da suka tura aka yi mata tiyata suna da nasu kason. Na san Injiniya da ƙarin gishiri, shi ne ya taɓa rantse mana cewa ƙarfen sabis ɗin waya ne ya hana kajinsa yin ƙwai. Amma wannan karon maganarsa ta zauna mini.

Sai na shirya na je ofishinsu da kaina. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya. Babu gado, babu warin magani, babu mai farar riga. Yara ne kawai zaune gaban kwamfuta, wasu ko gemu ba su fitar ba, teburinsu ma wanda ya haɗa shi bai san aikinsa ba, ƙafa ɗaya tana rawa an tokare ta da kwali. A bango akwai babban allo da taswirar gari cike da ɗige-ɗige, na tambaya aka ce kowane ɗigo mace ce mai ciki. Ashe matata ɗigo ce a bangon wasu ƙatti. Wani saurayi ya ba ni ruwa, ya yi ta zuba bayani kamar rediyo, wai masu hali na cikin gari suna biya, da wannan da tallafin da suke samu ake ɗaukar nauyin irinmu. Na fito ban gamsu ba. Mai gaskiya ai ba ya saurin magana haka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, a makon nan na'urar ta fara nuna ja. Likitarsu ta kira maiɗakina ta ce jininta ya hau, a kai ta babban asibiti, kuma kada ta koma nesa da shi har ta haihu, wai za su turo mota. Na ce kada motar kowa ta zo mini ƙofar gida. Biri ya yi kama da mutum, ga maganar Injiniya tana neman tabbata. Innata ma ta ce kumburin ƙafa ai ba sabon abu ba ne ga mai ciki, ita da ta haife mu ba waya ba na'ura. Na ɗauke abin awon na kai shago na jefa cikin akwatin ƙusoshi.

Maiɗakina ba ta yi mini musu ba, da ma ba halinta ba ne. Ta dai haɗa kayanta a jaka ta jingine bayan ƙofa. Fuskarta ta ɗan cika, zobenta ya ƙi fita, tana yawan dafe kai. Abu ɗaya kawai ta faɗa tana ba ni baya, cewa wancan karon babu wanda ya kira mu. Tun daga nan zarto nake ja amma hankalina ba ya kan katako, jiya saura kaɗan in raba yatsana. Gwaggo, in bar baƙin da ban san asalinsu ba su riƙa juya mini gida ta waya? Ko ni ne nake neman cutar da ita da hannuna?

Kafinta mai zullumi

*

Ɗana kafinta,

Masu karatu su sani ban jira ranar fitar wannan fili ba. Ina gama karanta saƙon nan na tura masa amsa a gajarce, cewa ya ajiye zarto ya kai ta asibiti a ranar, a auna ta da na'urar asibitin, ba ta kamfani ba. Ciwon kai, kumburin fuska da hannu da hawan jini ga mai tsohon ciki, wadda ta taɓa yin jijjiga, ba abin da ake kwana da shi ana shawara ba ne. Ya ji magana. Awon asibiti ya zo daidai da na na'urar, an kwantar da ita, ana kula da ita. A ƙarshen saƙonsa ya ƙara da cewa shi fa har yanzu bai yarda da yaran nan ba. To bari mu yi wannan maganar.

Ban ga laifinka ba da ka yi zargi. Wanda aka daɗe ana mantawa da shi, ranar da aka ƙwanƙwasa masa ƙofa da fara'a dole ya leƙa ta taga tukuna. A cikin irin waɗannan kamfanoni akwai na kirki, akwai 'yan ci da ceto, akwai kuma masu kyakkyawar niyya da tallafi ke yankewa su watse su bar mutane a tsakiyar kogi. Ni ban san waɗannan ba, don haka ba zan wanke su ba. Amma ɗaki ɗaya da tebur mai rawa ba shaidar cuta ba ne, kamar yadda bene mai gilashi ba shaidar amana ba ne. Aikinsu ba kwantar da marar lafiya ba ne, aikinsu su gano haɗari da wuri a inda likita ba ya isa, kuma a kan matarka sun gano.

Kuskurenka shi ne ka kai tambayarka shagon Injiniya, inda babu mai amsa ta. Ka koma ofishin, wannan karon da maiɗakinka a waya, don jikinta ne, ita ke da haƙƙin sani. Su nuna muku rajistarsu da lasisin likitar da na Mai Jaka, ka je hukumar lafiya ka tabbatar. Su faɗa muku wa ke ganin hotunanta, ko ana ba wani, kuma in ta ce a goge za a goge. Ka tambaye su kai tsaye ko suna da kaso a asibitin da suke tura mata, da abin da zai faru da ku in kamfanin ya rufe. In saurayin nan ya soma gudu da baki, ka ce ya sassauta, kai ma ba ka sayar da ƙofa sai mai saye ya buɗe ya rufe. Masu gaskiya ba za su ji haushi ba. In suka fara kame-kame, ka samu amsarka, sai ku riƙe awon asibiti kawai.

Inna kuma kada ka yi jayayya da ita. Gaskiyarta ne, ƙafa takan kumbura ba komai. Ka kai ta dubiya, ka roƙi ma'aikaciyar ɗakin ta bayyana mata bambancin wannan kumburin da wanda ta saba gani, daga bakin mace 'yar'uwarta zai fi shiga.

Saura abin da ba ka tambaye ni ba. Ina jin ba allon bangon nan kaɗai ya ƙona maka rai ba, har da ganin wani ya riga ka lura da ciwon iyalinka, kai da har yau kake tuhumar kanka da rashin kasancewa a gida ranar da kuka rasa na farko. Wannan ba laifinka ba ne. Ɗauke abin awon kuwa laifinka ne, kuma ta ji tsoro ita kaɗai a cikin gidan da kake ciki. Ka kakkaɓe shi ka mayar mata, ka ba ta haƙuri da bakinka, ba da ledar tsaraba ba.

Ka ci gaba da sa ido a kan kamfanin nan, ɗana, unguwarku tana bukatar mai tambaya irinka. Amma ka yi zarginka kana zaune a gefen gadonta.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ku mai albarka, ya sa ka ji kukan da kunnenka ke jira.

Gwaggonku