Sunan da Na Canza a Kasuwar Talata

Talata Mafara,
Agusta, 1981.

Zuwa ga Marka, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, wadda muryarta ta fi mini furar safe daɗi!

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Baba Magaji da Inna Lantana da ƙanwarki Nagode. Na san ba ki yi boko ba, yayanki Zubairu ne zai karanta miki wannan a tsakar gida, kowa yana ji. To, ya karanta. A bainar jama'a na yi laifin, bai kamata in nemi gafara a ɓoye ba.

Kin tuna fadamar Baba a Tungar Gajere, kafin ruwan dam ya rufe ta? Na zo da ragata ina kama ƙwari don ofishin noman rani, ina ta hura hanci, ni ma'aikaci. Kika ajiye ƙwaryarki kika nuna mini wani ɗan ƙuda a kan ganyen kabewa, fukafukansa da zane baƙi da ja. Yana ɗaga wannan, ya sauke, ya ɗaga wancan, yana zagaya wata 'yar'uwarsa. Kika ce sunansa mai lalle, kuma zance ya zo, shi ya sa yake nuna kwalliya. Na yi dariya har raga ta faɗi. Wayyo Marka! Ƙudan na kama a ranar, amma ni aka tafi da ni.

A ranar kika gaya mini dalilin sunanki. An haife ki tsakiyar damina, aka kwana bakwai ruwa bai ɗauke ba, har katangar ɗakin Inna ta zube, kakarki ta rufe ki da faifai ta fito da ke. Kika ce a gidanku ba a ba mace suna a banza. Nagode an same ta bayan an binne uku, shi ya sa duk wanda ya kira ta sai ya yi godiya, ko bai yi niyya ba. Yanzu ɗakin yana ƙarƙashin ruwa, da fadamar, da kabarin kakar. An kwaso ku an zube a sabon matsuguni wajen Maradun. Abin da kika fito da shi daga garin nan wanda ruwa bai taɓa ba, sunan ne.

Shi kuma na karɓe miki.

Zubairu, kada ka tsallake nan. Talata uku da suka wuce, Marka da Inna suka zo kasuwa da daddawa. Ina tafe da Falalu da Ɗanlami, akawuna biyu na ofishinmu, masu takalmi mai sheƙi da matan da ake kira Taiba da Maimunatu. Marka ta gan ni, fuskarta ta washe, ta durƙusa ta gaishe ni. Falalu ya ce, "Wagga ta budurwar da kaka hwaɗi? Mi as sunanta?" Na dubi ƙwaryar daddawa, na dubi takalminsa, sai na ji bakina ya ce Safiya.

Safiya! Ina na samo ta? Da sunan yankanki na faɗa, da na sami abin fakewa. A'a, ƙirƙira na yi, don kada su ce budurwata sunan ƙauye gare ta. Kika miƙe, kika gyara gammo, kika ɗora kayanki. Inna ce ta dube ni, kallon da har yau ban manta da shi ba. Ni da na haddace sunayen ƙudaje na Turawa masu tsawon igiyar guga, ina faɗarsu ina alfahari, naki mai gaɓa biyu ya gagare ni!

Saƙonki ya iske ni ta bakin Inna, tare da zoben da na ba ki: "Ku hwaɗa mishi Marka ba ta san shi ba. Shi tahi shi biɗi Safiya tai." Kuma aka ce manyana kada su zo bayan girbi kamar yadda aka shirya. Da farko har fushi na yi, kin ji wauta. Na ce wai don ɗan wannan?

Da Allah ya tashi kunyata ni, sai ya bi ta kan ƙuda. A ɗakin aikinmu kowane ƙwaro ana soke shi da allura a akwatin gilashi, da 'yar takarda mai sunansa da inda aka kama shi. Shekaranjiya Malam Hashimu, shugabanmu, ya sa ni sabunta takardun da suka koɗe. Na zo kan mai lallenki, yana nan da zanensa kamar jiya. Takardarsa ta ce Tungar Gajere. Na ce ai garin babu shi, wa zai san shi? Na rubuta Bakolori, sunan dam ɗin. Malam ya ɗauka ya duba, ya cire tabarau ya ce, "Labaran, wa ya ba ka iko? Can aka kama shi. Ko garin ya nutse, ba a canza mashi. In ka canza, ka raba shi da asalinsa ke nan."

Ban iya ɗaga kai ba. Mataccen ƙuda a kan allura ya sami mai tsaya masa, ke kuma a tsakiyar kasuwa wanda ya ce yana son ki ne ya goge naki! Da wane ido zan dube ki? Da wane baki zan gaishe da Baba? Na fita bayan ofis na zauna, ruwa yana dukana, irin ruwan da aka haife ki a cikinsa, na yi kuka kamar ba namiji ba.

Jiya na tara Falalu da Ɗanlami na gaya musu ƙarya na yi, na faɗi sunanki, na ba su labarin faifan. Falalu ya yi dariya, amma ni ya yi wa. Ashe uwarsa ma Damina ake ce mata.

Ban ce ki karɓi zoben ba, ban cancanta ba tukuna. Alfarma ɗaya nake roƙo, ya hasken raina. Ranar Talata mai zuwa zan tsaya a layin masu daddawa, daidai inda na yi abin, da su Falalu a gefena. Idan kin zo, zan kira ki da ƙarfin da masu awo za su waiwayo. In kin amsa, na rayu. In kin wuce, Talata ta gaba ina nan, da ta gaba da ita, har kasuwar ta san ni da haukan. Ba ni da wata, ba zan yi wata ba, Safiya kuwa ban ma san ta ba.

Zubairu, na roƙe ka, layin ƙarshe ka ɗaga murya, maƙwabta ma su ji, tunda ni na kasa a ranar da ya kamata.

Naki har ƙasa ta rufe ni, mai jin kunyarki, Labaran.

Marka. Marka. Marka.