Dokar Tunkuyi ta Ranar Alhamis

Vigo, Fabrairu

Zuwa ga abokina Momchil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Tsveta da yara. Yaya gwiwar Mama? Ka ce mata in ji ni ta daina hawa tsani don datse inabi, tana da ƙaton ɗa a gida. Ni dai ga ni nan. Ruwan saman garin nan ba ya gajiya, walda na cin idona, jirgin ruwan da muke haɗawa kuma kullum kamar ƙara tsawo yake yi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na fice daga zauren nan naku na waya. Mutum ya taso daga aiki bayansa kamar an daka, ya tarar da saƙonnin murya jere, dattawa masu furfura suna zagin iyayen juna a kan jirgin roba. Na gwada yi wa wani abokin aikina ɗan Romaniya bayani. Na ce kowace Alhamis muna haɗuwa a ɗakin baya na zauren unguwarmu a Ruse, mu shimfiɗa taswira, mu sake buga yaƙin sama na zamanin kakanninmu da ƙananan jirage da ƙwayar lido. Na ce kowa na da matuƙinsa mai suna, in ya mutu ya mutu ke nan, a ɗora jirginsa a kanta, a sha masa kofi ɗaya. Ya dube ni ya tambaya ko matana sun sani. Na ce mata ɗaya ce, kuma ta haƙura tuntuni.

To, kun ce ni ne alƙalin teburin ko ina nesa, in yanke hukunci a kan Asen likitan haƙori. Na ji abin da yake yi. Ya kawo sabon matuƙi wanda ko fenti bai bushe ba, harsashi cike, ya tunkuyi jirgin wani da gangan, duka biyu su faɗo, mako na gaba ya kawo wani sabo. Shi bai yi asarar komai ba. Lyuben kuwa ya rasa matuƙin da ya raina shekara bakwai, har yana cewa ko Asen ya bar teburin ko shi ya bari. Na san Lyuben. In ya tafi, mutum uku za su bi shi, kuma in na dawo ba zan tarar da komai ba sai kujeru a kife.

Ban yarda a kori Asen ba. Ba na ƙaunarsa, har yau haƙorin da ya cike mini yana sanar da ni zuwan sanyi, amma bai karya doka ba, dokar ce ba ta nan. Ban kuma yarda a hana tunkuyi ba. An yi shi a yaƙin gaske, mutanen da harsashinsu ya ƙare suna kallon garinsu a ƙasa suka yi shi, ba za mu goge su don wani ya gano wayo ba.

Ga hukuncina, ka karanta musu a tsaye. Ba a tunkuyi sai harsashi ya ƙare. Mai yi zai miƙe ya faɗi sunan matuƙinsa kowa ya ji kafin ya jefa ƙwaya. In shida ta fito, matuƙin ya diro da lema. In ba ta fito ba, ya mutu, kuma mai shi zai yi masa zaman makoki: Alhamis uku ba ya taɓa tebur. Yana iya zuwa ya zauna ya yanka burodi, amma ba wasa. Abin da ya ɓace a wasan Asen shi ne zafi. To ga zafin.

Ka kula mini da matuƙina, Laftanar Peychev, da jirginsa. Ka riƙe shi ta gindi, fiffiken hagun sau biyu ina manne shi. Kada ka yi jarumta da shi, ba da jarumta ya kai shekara tara ba.

Ka gai da kowa, har da Asen.

Naka,
Velko

Vigo, Mayu

Momchil ɗan uwana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da gwiwar Mama ta yi sauƙi. Na gode da cukun da ka aiko ta hannun direban nan, ya iso da rai, sai dai mutanen ɗakinmu sun rage masa hanya. Tarina da ka tambaya yana nan, mun saba da juna.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: Asen ya burge ni. Ka ce ya yi tunkuyinsa bisa doka, ƙwaya ta ƙi shi, ya yi Alhamis ukunsa cif a bakin ƙofa yana yanka burodi, Lyuben na ce masa ya yanka da kauri. Da nan ya tsaya da na aika masa da gaisuwa ta musamman.

Amma ina. Yanzu ka ce ya kawo surukinsa, yana ara masa matuƙa, surukin ya yi tunkuyi ya tafi makoki, wanda dama ba zuwa yake son yi ba, Asen kuma yana zaune daram a tebur. Wallahi na gaji. Ina tsugune a cikin cikin jirgi, hayaƙi na shiga mini hanci, maimakon in yi tunanin 'yata da jarrabawarta, ina tunanin surukin Asen. Matata Rumyana ta ce a waya muryata ta fi tashi in ina maganar teburin nan fiye da in ina maganar rufin gidanmu. Ban musa ba.

Ga ƙarin hukunci, kuma shi ne na ƙarshe. Makoki na mai matuƙi ne, ko wane ne ya tuƙa jirgin. Ka ba da aro, aka mutu da shi, kai za ka zauna. Babu dangi, babu uzuri, babu jefa ƙuri'a. Ka gaya wa Lyuben ya daina cewa a ƙara wa Asen mako na huɗu saboda halinsa. Ba hali muke hukuntawa ba. Da hali ne, da Lyuben bai ga tebur ba tun shekarar da ya jefi taga da ƙwaya.

Yanzu labari mai daɗi, don ina da guda ɗaya. An sa hannu a hutuna. Mako uku a watan Agusta. Ka san rabona da gida. Ba na son teku, ba na son a kai ni ko'ina. Ina son in ci gasasshen barkono a tsakar gidanmu, in gyara rufin nan Rumyana ta huta da ni, ranar Alhamis kuma in zauna a kujerata ta kusa da taga, in ɗauki Peychev da hannuna. Wani lokaci ina cikin walda sai in ji yatsuna suna juya ƙwayar da babu ita. Kada ka karanta musu wannan layin.

Ka gai da Tsveta da yara.

Naka kullum,
Velko

Vigo, ƙarshen Yuli

Momchil,

Ina gaishe ka. Ina fatan kowa lafiya, Mama da Tsveta da yara. Ni lafiyata ƙalau, kada ka damu da shirun da na yi. Na ga kiranka duka. Ban ɗauka ba ne don ban yarda da bakina ba.

Takardarka ta iso. Na karanta yadda aka yi: karon ƙarshe na yaƙin da kuka shekara biyu kuna bugawa, jirgi ɗaya mai bama-bamai ya tsallake ya nufi tashar jirgin ƙasa, in ya kai an cinye mu, kuma ba kowa kusa da shi sai Peychev, harsashinsa ya ƙare. Ka ce ka miƙe, ka faɗi sunansa. Ƙwaya ta ba da biyu.

Na zage ka, ba zan ɓoye ba. Na zage ka da harshenmu, na ƙara da na mutanen nan. Abu ɗaya na roƙe ka. Mako ɗaya ya rage in iso, Momchil. Ranar Lahadi na share teburin cin abinci, na jera murafen kwalba yadda ka zana mini, cokali ya zama tasha, ina neman hanyar da ka bari don in rubuto maka ita da manyan baƙaƙe. Na juya ta dama, na juya ta sama, na ba ka sa'ar da ba ka da ita. Babu. Da ni ne a wurin, da na miƙe. Wannan ya fi zagin ciwo, don yanzu ba ni da wanda zan yi fushi da shi.

Sai kuma maganar da kuka yanke, wai kowa ya ɗaga hannu a yafe mini makoki tunda Alhamis ukun su ne hutuna gaba ɗaya. Asen da kansa ya kira ni, shi na ɗauka don ban san lambarsa ba. Ya ce, "Alƙali, ka zo ka yi wasanka, ni ban ga komai ba. In kana so ma in ara maka matuƙi, ina da su da yawa." Na ce na san yana da su da yawa, ai matsalar ke nan. Ya yi dariya, ni ma na kusa.

Na gode muku, amma a'a. Mutumin nan ya zauna a bakin ƙofa ana yi masa tsiya saboda takardar da na rubuto daga nan. Na ce babu uzuri, babu ƙuri'a. In na zauna a tebur, ranar da Lyuben ya sake rikici da wani, wa zai saurare ni? Doka za ta koma ta wanda aka fi so, kuma kafin Kirsimeti kun watse. Na fi son in rasa Alhamis uku a teburin da yake nan da in same su a wanda zai mutu bayan tafiyata. Kada ka ɗauka da daɗin rai na rubuta wannan. Ban san yaushe za a sake ba ni hutu ba.

Kada ku ɗora Peychev a kanta tukuna, ni zan ɗora shi. Ka ce wa Lyuben ya kawo barasar nan tasa ta gareji, mai kyan, ba wadda yake ba baƙi ba. Kai kuma ka daina ba ni haƙuri, ka zo tasha ka ɗauke ni ranar Talata, jakata na da nauyi.

Ranar Alhamis zan zo da wuri. Ku ajiye mini kujera nesa da tebur sosai, inda hannuna ba zai kai ba, don ban yarda da shi ba.

Naka,
Velko