Ranar da Tafinta Ya Tambaye Ki Ko Kin San Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na dawo Mallawa tun kafin kakar bara. An nuna mini kabarinki, na tsaya, na yi addu'a, na juyo. Ban yi kuka ba, Inna. Na nemi kukan na rasa.

Ni ne ɗanki na fari, saboda haka ba ki taɓa kiran sunana ba. "Wannan" kike ce mini. In na shigo gida ki kau da kai, in aka yabe ni a gabanki ki tashi ki bar wurin. Goggo Hajo, ƙanwar Baba, ita ta yaye ni, ita ke shige mini faɗa. Haka kowa ya taso ya tarar, ni ma ban ga aibinsa ba.

Kin tuna ranar kasuwar Dungas da bajimin Maiunguwa ya ɓata? Ran nan kurkunu ya hana ki taka ƙasa. Na ɗora ki kan jaki na kai ki Yekuwa wurin mai magani, mu biyu kaɗai a hanya. Bayan kwana biyu wani ya ce ya gan ni ina kora bajimin zuwa tsallaken iyaka, ƙasar Ingilishi. Gardawan kwamanda, wato dogaran Bature mai mulkin yankin, suka ɗaure ni da igiyar jakin nan, suka tasa ni gaba har Magarya.

A gaban kwamanda na ce da uwata nake ran nan. Aka aika aka kawo ki kina ɗingishi. Ɗakin cike da maza, ga dattawa, ga surukinki. Tafinta ya nuna ni ya tambaye ki ko kin san ni. Kika ja mayafi, kika dubi bango. Ya sake tambaya, ya ce ki faɗi sunana. Na ga bakinki ya motsa, amma ba abin da ya fito.

Duk wanda ke ɗakin ya san kunyar ɗan fari ce, har tafintan. Bature kaɗai ne bai sani ba, kuma ba wanda ya ga huruminsa ne ya gaya masa. Abin da tafinta ya juya mana shi ne: "Wanda uwarsa ta ƙi shi, wa zai tsaya masa?" Aka yanke mini shekara uku. Ban ji komai ba. Ƙudan da ke yawo kan teburin nake kallo.

A kaso, gidan yari, muka yi ta fasa marmara a hanyar Damagaram. Akwai wani tsohon ma'aikacin biro, wato ofishin kwamanda, da aka ɗaure tare da mu. Da ya ji labarina sai ya riƙe baki. Ya ce ko a shari'ar Nasara, wanda ake tuhuma yana iya cewa a kira masa ɗan'uwa ko dattijo ya tsaya ya yi magana a madadinsa. Yana iya roƙon a dakata har a kawo wani mai shaida. Ya ce: "Don me ba ka ce a kira goggonka ba? Don me ba ka ce a kira mai maganin ba?"

Wallahi ban san ana iya roƙon haka ba. Na ɗauka a gaban hukuma sunkuyar da kai ake yi. Da na buɗe baki, da Goggo Hajo ta zo ta cika ɗakin nan da sunana, da ba a ɗora miki abin da ba ki iya ɗauka ba. Ni na kira ki, Inna. Laifin nan nawa ne, ki daina ɗaukarsa.

Goggo ta ba ni labari. Ta ce da ƙafarki ta warke, kin taka har Magarya ke kaɗai. Kin tsaya ƙofar biro da rana tsaka, kina faɗin sunana da ƙarfi, sau uku, kina cewa da ke nake. Gardi ya ce an riga an rufe takarda. Kika dawo, ba ki sake fita taro ba har kika kwanta ciwon ajali.

Kowa a Magarya ya ji, ban da ni.

Yanzu in aka kama wani a ƙauyen nan, nakan bi shi har bakin gari ina gaya masa abin da zai nema. Matata kuma ta haihu, namiji, na fari. Ina kiran sunansa a gaban kowa. Tsofaffi na cewa kaso ya cinye mini kunya. Su faɗa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa ranar da kowa zai tsaya a tambaye shi ki sami mai tsaya miki. In an haɗa mu, abu ɗaya nake roƙo: ki sake faɗa, in ji da kunnena.

Naki,
Habu