Cokalin da ya manne a dantsen Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, da hannun hagu nake rubutun nan, na dama yana cikin ɗori.

Mahaifinmu manomin albasa ne a Dandin Mahe. Tun jamhuriya ta biyu yake niyyar Hajji, lokacin har ya fara shiri sai tsadar rayuwa ta faɗo, ana layin sabulu da madara, zancen ya mutu. Sai bana Allah ya ba shi kujera, tsufa ya riga ya kama shi, aka ce kuma ba mai hawa jirgi sai ya yi allurar korona guda biyu.

Ni ina da kemis a Bodinga, na ɗan karanta a kai. Saƙo ne kawai a cikinta, RNA ake ce mishi, yana koya wa jiki gane cutar sannan ya narke. Amma yayana, wanda ke riƙe da gonar, ya ji wata murya a waya cewa RNA ɗin nan ƙarfe ne da ke canza halittar mutum. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ce ilimin kemis ne. To ni ma ba haƙuri gare ni ba, ranar kasuwa na ɗauki Baba a mashin aka yi mishi ta farko, da yardarshi.

Kwana biyu dantsen ya kumbura, ga zazzaɓi. Yaya ya gane. Ya ɗauko cokalin shayi ya ɗora a wurin, Baba na ta gumi cikin zafin nan, cokali kuwa ya manne. Shi ke nan. Ban ankara ba sai jin ƙotar fartanya na yi a hannu, ƙashin ya ce ƙas. Yana duka yana cewa na sayar da ubanmu. Wallahi raina ya ɓaci, na sa mishi kai a baki, haƙoranshi biyu sunka zube a tsakar gida. Ya sake ɗaga ƙotar, Baba ya shiga tsakani, ta sauka a goshinshi. Tsoho ya zauna a ƙasa, jini na bin gemunshi, Inna na ihu har maƙwabta sunka shigo.

An ɗinke goshin. Kawunmu na Shagari ya ce in kai ƙara, na ƙi don Inna. Yaya kuma ya rantse in na sake kai Baba allura sai ya karya ɗayan hannun, kuma na san shi, zai aikata.

Yanzu lokacin ta biyu ya yi, an kusa rufe tantancewa. Na je in lallaɓa Baba mu fita a ɓoye, ya ƙi. Ya ce ba zai tsaya gaban Ka'aba ya bar 'ya'yanshi da jini tsakaninsu ba, allura kuma ba zai yi ba sai Yaya ne ya tuƙa shi, ni ina zaune a baya.

Har yau ina jin haushin Yaya, ban yafe ba. Shi ma ya ce sai na durƙusa gaban mutane na amsa cewa guba na sa aka zuba wa Baba, sannan a yi maganar sulhu. In na amsa, na ba shi hujjar hana ta biyun. In na ƙi, kujerar ta wuce, kuma ban ga Baba da ƙarfin jiran baɗi ba.

Ku gaya min, in durƙusa ko in tsaya? Jiya na tarar da Baba ya fiddo haraminshi yana ninkewa.