Na Ce Maka Filasta Ce Kawai

Zuwa ga ƙanena Hafizu,

Assalamu alaikum, Auta. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba lalle ka karanta ba, kai da saƙon layi uku ke yi maka tsawo, sai ka ce in yi maka murya. To yau rubutu za ka sha, domin muryar da na taɓa yi maka ce ta hana ni sakat shekara biyu ke nan.

Bari in fara da labarin gida. Yaya Rabi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Umma ta zo daga Kano don jego, tana wurinta a Birmingham, a gidan nan na Sparkhill mai matsattsen matakala da ka ce an yi shi don ramammu. Ba ta iya kiran sunan jaririn, sai ta ce Mai Sunan Auta. Ta gano wani shago a Stratford Road da ke sayar da kuka da daddawa, kullum sai ta saya, kullum sai ta ce warin kwali suke yi. Ni kuma ina nan Manchester, kamfanin da ka sani, flat ɗin da ka sani. Na yi ƙiba, gashin gaban kaina ya ƙara ja da baya. Da kana nan da na sha tsiya.

Ba don wannan na ɗauki biro ba, ka sani.

Ka tuna wata uku kafin girgizar ƙasar da ta ci garinku a Turkiyya? Ka turo mini hoton bangon ɗakinka, a hawa na biyu na benen da kake haya kusa da jami'a. Wata tsaga ce ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, har ka ɗora kan biro a gefenta don in ga faɗinta. Ka rubuta cewa Injiniyan duniya ya duba maka, kuma an sami gurbi a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ka koma can? Ina tsaye a bakin lif lokacin, na makara zuwa wani taro. Na kalli hoton da ido ɗaya, na danna na yi maka murya. Na ce filasta ce kawai, kowane tsohon gini yana yin haka, ka zauna abinka ka daina tsoro kamar farar kura. Har da dariya na yi. Lif ya buɗe, na shiga.

Hafizu, ɗan aji ɗaya a sashenmu ya san tsagar da ta tafi a karkace ba a yi mata kallon tsaye. Tambaya ake yi. Me ke ƙarƙashin ɗakin? Tsagar tana ƙaruwa? Akwai irinta a matakala? Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, ina mayar wa mutane da zanensu a kan rodi ɗaya da bai zauna daidai ba. Ban yi maka tambaya ko guda ba. Me ya hana ni in ce ka jira in fito daga taro? Me aka tattauna ma a taron nan? Wallahi na yi ta ƙoƙarin tunawa, na kasa.

Kwana biyar bayan abin ya faru na isa garin. An riga an ciro ka, a can muka yi maka sutura tare da mutanen benenku. Bayan an idar na koma na tsaya a kan ɓaraguzan. Sauran mutane suna ganin tarin ƙasa da katifu da tukwane. Ni idon aiki ne ya ƙi barina, ina ganin yadda hawa ya zauna a kan hawa, ina ƙirga ginshiƙan ƙasa. Inda ya kamata a ga guda a tsakiyar shagon burodin da ke ƙasan ɗakinka, babu shi. Nan take na gane tsagar da ka nuna mini. Ban gaya wa kowa ba. Na dawo Manchester aka yi ta zuwa yi mini ta'aziyya, ana cewa Injiniya sai haƙuri, ina cewa na gode.

A wurin jana'izar na haɗu da tsohuwar nan ta hawa na uku, malamar makarantar da ta yi ritaya, wadda kake kira Goggo kana cinye mata miya. Ta tsira ne saboda ranar tana wurin 'yarta a wani gari. Ta riƙe hannun rigata tana kuka, ta ce kullum zancenka ke nan, yayana injiniya ne a Ingila, babu ginin da ke ɓoye masa ciwonsa. Ita ta sa lambata a guruf ɗin waya da waɗanda suka rage daga benenku suka buɗe. Ba na jin yarensu, waya ke fassara mini, wani lokaci ta yi daidai, wani lokaci ta kawo shirme. Amma shekara biyu ina ciki, ban taɓa fita ba, ban kuma taɓa rubuta abin da ya wuce amin ba.

Da ka ga mutanenka, Auta. Da farko guruf ɗin sunaye ne kawai, wane an gan shi, wance ba a gan ta ba. Daga nan sai maganar tanti da bargo da inda ake samun ruwa. Aka mayar da su gidajen kwantena, jere-jere, kowace da lambarta. Goggo ta tara yaran layinsu a wani tanti tana koya musu lissafi da guntun allo, tana turo hotonsu da hanci duk majina. Mata suka shuka na'a-na'a da barkono a gwangwanayen mai a bakin ƙofa. Bara aka ɗaura auren wata yarinyar hawa na huɗu a tsakanin kwantenoni, aka jera kujerun roba, kowa ya kawo abin da ya dafa. Wanzamin layinku ya kafa kujera a ƙarƙashin bishiya ya ci gaba da aski. Yanzu har faɗa suke yi, wa ya zubar da ruwan wanki a ƙofar wa, wa ya tare hanya da mota. Ranar da na fara ganin faɗan nan na yi dariya ni kaɗai a jirgin tiram na cikin gari, na ce lalle mutanen nan sun fara warkewa.

Akwai abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Mai burodin nan, wanda yake ba ka na jiya kyauta, ya rayu, amma matarsa da 'yarsa sun tafi. Wata rana ya tara maƙwabtan ya gaya musu da bakinsa cewa shekarun baya shi ya sa aka sare ginshiƙin don tanda ta sami wuri. Wani ya ɗauki bidiyon ya sa a guruf. Tsoho yana tsaye da hula a hannu. Wata mata ta tofa masa yawu. Maganarsa tana kotu har yanzu, wasu kuma ba sa amsa gaisuwarsa, ba na jin za su taɓa amsawa. Amma ya gina 'yar tanda a bakin sansanin, yana gasa burodi kullum, akwai masu saya, akwai masu wucewa su kau da kai. Na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga. Da farko na tsane shi, na so a ce shi kaɗai ne mai laifi. Daga baya na gane kishinsa nake yi. Shi ya faɗi nasa, an tofa masa yawu, ya share ya tashi da safe ya kwaɓa fulawa. Ni ana ta kira na Injiniya ana ba ni kujerar gaba.

Nan kuwa ƙasa ba ta motsa ba, to wa zan ce wa ya taya ni gyara? Mutanenmu sun yi ƙoƙari, kada in ci amanarsu. Sun cika falo kwana uku, an zo daga Birmingham mota-mota da kulolin abinci. Daga nan kowa ya koma bakin aikinsa, haka zaman nan yake. Ni ma na koma ofis, sai dai hannuna ya ƙi. Zanen da nake gamawa a yini ɗaya sai ya kwana bakwai a teburina, ina lissafi ina sakewa, in an zo sa hannu sai in ce wani ya ƙara dubawa. Shugabana ya kira ni cikin ladabin nan nasu ya tambaye ni ko ina so in ga GP, wato likita. Na je. Ta ba ni takarda mai tambayoyi in zaɓi ko ina jin haka wani lokaci ko kodayaushe. Babu layin da aka tambayi ko na taɓa kashe ƙanena da saƙon da bai kai minti ɗaya ba. Na san za ka ce kwana ne ya ƙare, na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana ni kallon bango. A masallaci ina sahu idona yana kan silin. A jirgin ƙasa in mun shigo Birmingham, gidajen nan masu manne da juna sai in ga kamar in ɗaya ya durƙusa duk layin zai bi shi. Babu ɗakin da nake shiga in zauna kamar kowa.

Watan jiya abin ya zo mini har gida. An ba mutanen benenku izinin sake gini a filinsu, sun haɗa kai sun ɗauki ɗan kwangila. Goggo ta turo mini zanen gaba ɗaya a guruf, shafi talatin da wani abu. Ta rubuta cewa sun daina yarda da hatimin kowa, sun zauna sun yanke shawara ba za a zuba kankaren fandisho ba sai yayan Hafizu ya duba ya ce ya yi. Kowa ya bi da alamar hannu da addu'a. Ka ji fa. Ni za su jira. Na buɗe zanen na rufe ya fi sau ashirin. In na ce na duba, da wane ido, kuma a kan wace amana, tunda ba su san wanda suke tambaya ba? In na ce ba zan duba ba, na bar su a kwantena sanyi yana tafe, su ɗauka na raina su. Ɗan kwangilar yana matsa musu, Goggo tana turo mini gaisuwa kowace safiya ba ta ce komai a kan zanen ba. Gaisuwar nan ta fi zagi ciwo.

Sai na ga ba zan iya gaya wa baƙi abin da na ɓoye wa mahaifiyarmu ba. Asabar ɗin da ta wuce na hau jirgin ƙasa na tafi Sparkhill. Yaya Rabi ta riga ta koma bakin aiki, tana asibiti. Na sami Umma a kicin tana gyaran alayyafo, jaririn yana goye a bayanta. Na zauna a ƙasa kamar yadda muke yi muna yara in mun yi ɓarna, na fara tun daga hoton. Ban kai ga lif ba ta ajiye wuƙar.

Ashe ta sani, Hafizu. Ashe ita ce ta fara hango tsagar a bayanka kuna magana ta bidiyo, ita ta matsa maka ka nuna mini. Kai kuma da na yi maka muryar sai ka tura mata don hankalinta ya kwanta. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Ta ce washegari ka sake kiranta, ka ce kai dai zuciyarka ba ta kwanta ba, gara ka koma ɗakin ɗalibai. Ita ta hana ka. Ta ce maka tunda yayanka ya ce babu komai, ka zauna inda tsohuwar nan take kula da cikinka, a can wa zai ba ka abinci mai zafi? Ka ce to, Umma. Shekara biyu tana ɗauke da wannan, tana kallona tana tsoron kada in gane ta ji saƙon in kasa haɗa ido da ita. Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini, muna gaisawa kullum muna tambayar sanyi.

Na zaci in na faɗa zan ji sauƙi. Ban ji ba. Da ina ganin ni kaɗai na rufe maka ƙofa, yanzu na san maganata ce ta shiga bakin Umma ta zama umarni, kai kuma ba ka taɓa tsallake maganarta ba. Ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba, don mun san ba a hannun ɗayanmu abin yake ba. Mun yi kuka, jaririn ya farka ya taya mu. Da zan tafi ta raka ni bakin ƙofa, ta ce mutanen can 'ya'yan wasu ne za su kwana a ginin, in gaya musu gaskiya, in sun ce har yanzu suna so in duba, in zauna a kujera in duba.

Yau da safe na rubuta musu. Na faɗi hoton, na faɗi abin da na ce maka, na faɗi cewa da na yi tambaya ɗaya da wataƙila na ce duk ku fita, ba kai kaɗai ba. Wannan ne ban taɓa bari na yi tunaninsa sosai ba sai da na zo rubutawa: ba kai kaɗai ne a benen ba. Na sa waya ta fassara, na karanta abin da ban iya karantawa ba, na tura.

Yanzu azahar ta wuce. Waya ta nuna mini mutum goma sha tara sun buɗe saƙon, har da Goggo, har da matar da ta tofa wa mai burodi yawu, wadda 'ya'yanta biyu suke hawa ɗaya da kai. Babu wanda ya ce uffan. Ina zaune a teburin cin abinci, zanen yana gabana a rufe, ban san ko za a ce in buɗe shi ba. Duk abin da suka ce zan ɗauka, su suna da bakin faɗa. Kai ne ba ka da shi, kuma naka nake nema.

Ka yafe mini, Auta. Ka ji tsoro, kuma kai ne mai gaskiya, ni na yi maka dariya.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Yayanka da bai yi tambaya ba,
Mansur